Idan Lissafi Da Awo Suka Saɓa: Inda Binciken Fiziks Ya Tsaya A Yau

Ranar 23 ga Satumba 1846 wata wasiƙa daga Faris ta iso hannun Johann Galle a gidan duban taurari na Balin. Mai wasiƙar, Urbain Le Verrier, mutum ne na alƙalami da takarda. Ya shafe watanni yana bin sawun duniyar Yuranus, wadda ta ƙi tafiya a kan hanyar da dokar Newton ta jan nauyi, wato girabiti, ta shata mata, har ya yanke cewa lallai akwai wata duniyar a bayanta da ba a taɓa gani ba, ita ke fizgarta. Ya lissafa inda take, ya roƙi Galle ya juya madubinsa can. A wannan daren aka ga Naftun, kusan digiri ɗaya kacal daga inda ya nuna.

Bayan shekara 13 ya sake cin karo da irin wannan matsala. Makuri, duniyar da ta fi kusa da rana, ita ma tana ɗan gocewa, da abin da a awon yau bai wuce kashi ɗaya cikin 84 na digiri ɗaya ba a shekara 100. Maganin da ya yi aiki jiya shi ya sake ɗaukowa. Ya ce akwai wata duniya tsakanin Makuri da rana, har suna aka raɗa mata, Bulkan. Aka yi ta nema shekara da shekaru, wasu ma suka ce sun gan ta da idonsu. Babu ita. Sai a Nuwamba 1915 Einstein ya nuna cewa ba wata duniya ce ta ɓuya ba, dokar Newton ɗin ce ke gazawa a kusa da abu mai nauyi irin rana.

Mutum ɗaya, dabara ɗaya, sau ɗaya ta ci, sau ɗaya ta faɗi. Duk wanda ke son fahimtar abin da masana fiziks ke fama da shi a yau, daga masu leƙen ƙarshen sararin samaniya zuwa masu daskarar da ƙarfe a ɗakin gwaji, ya riƙe wannan labari, domin tambayar Le Verrier ce har yanzu a gabansu. Lissafi ya ce kaza, awo ya ce kaza, an samu giɓi. Ruwa ba ya tsami banza, amma me ya tsamar da shi? Wani abu ne a ɓoye kamar Naftun, ko dokar ce ke son gyara kamar a Makuri?

Akwai amsa ta uku da ba a cika son ambatonta ba, alhali ita ta fi yawan faruwa, wato kuskure. A Satumba 2011 masu gwajin OPERA suka sanar cewa ƙwayoyin nutirino, wasu ƙananan ƙwayoyi marasa cajin lantarki, da aka harbo daga cibiyar CERN kusa da Janiba sun isa Gran Sasso a Italiya, tafiyar kilomita 730, sun riga haske da kashi 60 cikin biliyan na daƙiƙa. Da hakan ta tabbata, da littattafai da yawa sun tashi aiki, domin a dokar Einstein babu abin da ke riga haske gudu. Bayan wata biyar aka gano wata wayar sadarwa ce ba ta zauna daidai a mazauninta ba. A yi musu adalci, su ba su ce sun kayar da Einstein ba. Cewa suka yi a zo a taya su duba, masu yaɗa labari ne suka yi gaba da ganga.

Tankin da ke ƙarƙashin ƙasa

Mai son ganin yadda giɓi na gaskiya yake, sai ya sauka tsohuwar mahaƙar zinare ta Homestake a jihar Dakota ta Kudu a Amurka, zurfin kusan kilomita ɗaya da rabi. A can ne a shekarun 1960 Raymond Davis ya girke tanki mai cin lita 380,000, ya cika shi da sinadarin da ake wanke tufafi da shi ba tare da ruwa ba. Ba wanki ya kai shi ba. Sinadarin yana ɗauke da kulorin, kuma idan nutirino daga cikin rana ya yi karo da ƙwayar kulorin sai ya mayar da ita agon. Sai dai nutirino ba mai son hulɗa ba ne. Fiye da biliyan 60 suna ratsa wuri mai faɗin farcen yatsa duk daƙiƙa, su bi ta cikin ƙasa su ɓulla ta ɗaya ɓarin kamar ba su wuce komai ba. A duk faɗin tankin nan, ƙwayar agon kusan ɗaya ake samu a kwana biyu. Davis sai ya jira makonni, ya busa iskar hiliyam ta kwaso masa 'yan ƙwayoyin, ya zauna ya ƙirga su.

Abin da ya riƙa samu tun 1968 kusan kashi ɗaya cikin uku ne na abin da abokin aikinsa John Bahcall ya lissafa. Aka shekara 30 ana ja-in-ja. Wasu suka ce tankin ne ba ya kamawa da kyau, wasu suka ce Bahcall bai san zafin cikin rana ba. Ashe dukansu biyun daidai suke. Gwajin Super-Kamiokande a Japan a 1998 da na Sudbury a Kanada a 2001 suka nuna cewa nutirino, wanda iri uku ne, yana rikiɗa daga wani iri zuwa wani a kan hanya, tankin Davis kuwa iri ɗaya kawai yake gani. Wannan rikiɗa ba ta yiwuwa sai nutirino yana da nauyi, alhali babban tsarin da ya tattara duk ƙwayoyin da aka sani, wanda aka kammala a shekarun 1970, ya ɗauka ba shi da shi. Har yau ana neman nauyin. Gwajin KATRIN a Jamus ya kai ga cewa bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na nauyin ilektron, ƙwayar da ke ɗauke da lantarki, ba. Davis ya karɓi kyautar Nobel a 2002 yana da shekara 88.

Kogon da ya yi aiki a ciki bai zama kufai ba. Yau gwajin LZ ne a wurin, kuma abin da ake farauta ya fi nutirino ɓuya.

Galaksi gungun taurari ne na biliyoyi da ke juyawa tare, ranarmu tana cikin ɗaya daga cikinsu. A ƙa'ida taurarin da ke can gefe ya kamata su yi ta jan ƙafa, kamar yadda Naftun ke tafiya a hankali idan aka kwatanta ta da Makuri. Vera Rubin da Kent Ford suka auna a shekarun 1970, suka tarar gudun ba ya raguwa. Da nauyin da ido ke gani ne kaɗai ke riƙe da su, da tuni sun fallatsa. Fritz Zwicky ya ga makamancin haka tun 1933 a tarin galaksin Koma, ba a kula shi ba. Yawancin masana suka bi hanyar Naftun: akwai wani ɓoyayyen abu da ba ya haske, ba ya tare haske, amma yana da nauyi, kuma ya ninka abin da aka yi mu da shi kusan sau biyar. Mordehai Milgrom a 1983 ya bi hanyar Makuri, ya ce dokar girabiti ce ke canzawa idan jan ya yi rauni ƙwarai.

A ganina hujja ta rinjaya wajen ɓoyayyen abu, kuma da nisa. Dabarar Milgrom tana yin abin mamaki a kan galaksi ɗai-ɗai, amma tana tuntuɓe idan aka zo kan manyan tari da kan hasken farkon halitta, wanda za mu zo kansa a gaba. A 2006 aka nuna wasu tarin galaksi biyu da suka ratsa juna: iskar gas ɗinsu, wadda ita ce mafi yawan abin da ake gani, ta yi karo ta tsaya a tsakiya, amma nauyin ya wuce gaba abinsa. Wuya ne a fassara wannan ba tare da wani abu da ba ya karo ba.

To ina yake? A nan fa bakin kowa ya mutu. LZ tanki ne mai tan 7 na ruwan zenon mai sanyin kusan digiri 100 ƙasa da sifili, ana jiran ranar da ƙwayar ɓoyayyen abu za ta bugi ƙwayar zenon ta ba da ɗan walƙiya. A Agusta 2024 suka fitar da sakamakon kwana 280. Shiru. XENONnT a Italiya da PandaX a Sin, su ma shiru. Injin LHC na CERN mai gwara ƙwayoyi da juna, mai zagayen kilomita 27, wanda a 2012 ya gano ƙwayar Higgs mai alaƙa da yadda ƙwayoyi ke samun nauyi, bai fito da ita ba shi ma. Kuma wa'adi yana ƙaratowa, domin na'urorin sun kusa kai matakin da nutirinon rana za su riƙa ba da walƙiyar da ba a iya bambanta ta da wadda ake nema. Abin da Davis ya sha wuya kafin ya kama, shi ne yanzu ya zama hazo ga magadansa. Shi ya sa hankali ya fara komawa kan wata ƙwaya mai sauƙin nauyi ƙwarai da ake kira aksiyon, wadda gwajin ADMX a Siyatil ke nema kamar mai murɗa rediyo a hankali yana neman tashar da bai san zangonta ba.

Lambobi biyu da suka ƙi haɗuwa

Giɓin da ya fi ba ni sha'awa shi ne na saurin buɗewar sararin samaniya. Tun 1929 Edwin Hubble ya nuna cewa galaksi suna nisanta da juna, kuma wadda ta fi nisa ita ta fi gudu. Ba gudu suke yi a cikin fili ba, filin ne da kansa ke miƙewa a tsakaninsu. Lambar da ke auna wannan tana faɗin kilomita nawa a daƙiƙa gudun ke ƙaruwa a kan kowane megafasek, wato tafiyar haske ta shekara miliyan 3.26.

Hanya biyu ake bi a same ta. Ta farko tsani ce. Ana auna nisan taurari na kusa da lissafin kusurwa. Daga nan a hau kan wasu taurari masu ƙara haske suna ragewa a kan ƙa'ida, waɗanda Henrietta Leavitt ta gano a 1912 cewa tsawon lokacin bugunsu yana tona ainihin ƙarfin haskensu. Wanda ya san ƙarfin fitila kuma ya ga yadda ta dusashe a idonsa, ya san nisanta. Daga su sai a hau kan wani nau'in fashewar tauraro da ake hangowa daga nesa ƙwarai. Adam Riess da tawagarsa sun bi wannan tsani sun samu 73.

Hanya ta biyu daga farko take farawa. Akwai wani haske da ya cika sama ta kowace fuska, wanda ya taso tun halitta tana da shekara 380,000, yanzu ya huce ya koma digiri 2.7 a ma'aunin Kelbin, ma'aunin da ke farawa daga ƙarshen sanyi. Tauraron ɗan'adam na Planck ya zana taswirarsa dalla-dalla. Daga wannan taswira aka fitar da rabon nan da ake yawan ji: kashi 5 cikin 100 abin da muka sani, kusan 27 ɓoyayyen abu, kusan 68 ɓoyayyen makamashi, shekarun halitta kuma biliyan 13.8. Idan aka ɗauki wannan rabo aka bi lissafi har zuwa yau, lambar da ke fitowa 67.4 ce.

Kamar akawu biyu ne. Ɗaya ya buɗe akwati ya ƙirga abin da ke ciki yau, ɗaya ya ɗauki littafin ranar farko ya bi shige da fice ya ce ga abin da ya kamata a tarar. Idan suka saɓa, ko ɗaya ya yi kuskuren ƙirga, ko kuma akwai wani shige da fice da ba a rubuta ba. Mai karatu zai iya cewa tsakanin 67 da 73 ai ba abin tayar da jijiyar wuya ba ne, tunda Hubble da kansa 500 ya samu. Gaskiya ne, da can ma rigimar tsakanin 50 da 100 ake yin ta. Bambancin shi ne yanzu kowane ɓangare yana cewa kuskurensa bai wuce ɗaya ba ko ƙasa da haka. A ma'aunin da suke kira sigma, giɓin ya kai 5, wanda ke nufin damar a ce dace ne kawai ba ta wuce ɗaya cikin miliyan uku da rabi ba. Amma a lura, sigma dace kawai yake aunawa. Wayar da ba ta zauna ba, ba ya ganinta.

An yi zaton madubin James Webb, wanda aka harba ranar 25 ga Disamba 2021, zai raba gardama, domin zargin da ake yi shi ne hasken taurarin maƙwabta yana cakuɗa da na waɗanda ake aunawa. Ya duba da ido mai kaifi, awon bai canza ba. Sai dai Wendy Freedman ta Jami'ar Shikago, wadda ke hawa tsanin da wasu irin taurari dabam, tana samun kusan 70, tsakiya ke nan, kuma tana ganin ba a kai ga kiran sabuwar doka ba tukuna. Tsugune ba ta ƙare ba. Masu nazari sun kawo gyare-gyare barkatai, kuma kusan kowanne idan ya toshe wannan ɓarakar sai ya buɗe wata.

Akwai alƙali na uku da ke tasowa. Ranar 14 ga Satumba 2015 na'urorin LIGO biyu a Amurka, masu hannuwa na kilomita 4, suka ji girgizar fili daga haɗewar baƙaƙen ramuka biyu, wato wuraren da nauyi ya taru har haske ba ya iya fita, ɗaya mai nauyin rana kusan 36, ɗaya 29. Irin wannan girgiza tana faɗin nisan inda ta taso ba tare da tsani ba. Karon matattun taurari biyu da aka ji ranar 17 ga Agusta 2017, aka kuma ga haskensa, ya ba da kusan 70, amma da kuskure mai faɗin da ya haɗiye ɓangarorin biyu. Sai an tara irinsa da yawa, su kuwa ba kullum suke zuwa ba.

Ɓoyayyen makamashi kuma nasa labarin ya ɗauki sabon salo. A 1998 tawagogi biyu suka gano cewa buɗewar sararin samaniya ƙara sauri take yi, ba raguwa ba. Fassarar da ta fi sauƙi ita ce fili da kansa yana da wani makamashi da ba ya canzawa, wata lamba da Einstein ya saka a lissafinsa a 1917 ya kuma cire daga baya. Na'urar DESI a Kitt Peak ta jihar Arizona tana da 'yan ƙananan hannuwa 5,000 masu sarrafa kansu, kowanne yana saita zaren gilashi a kan galaksi guda. A Maris 2025, bayan auna fiye da miliyan 14, suka ce akwai alamar makamashin yana raguwa da tafiyar zamani. Ƙarfin alamar tsakanin sigma 2.8 ne da 4.2, ya danganta da bayanan fashewar taurarin da aka haɗa da su, kuma wannan dogaro shi ne abin da ya sa ban yi saurin murna ba. Madubin Euclid na Turai da aka harba a Yuli 2023 da gidan duban taurari na Vera Rubin a Cile, wanda ya fitar da hotunansa na farko a Yuni 2025, za su faɗi nasu.

Dalilin taka-tsantsan kuwa ga shi a kusa. Muwon ƙwaya ce kamar ilektron amma ta ninka shi nauyi sau 207. Tun 2001 awon ƙarfin maganaɗisunta a Brookhaven ya saɓa da lissafi. Aka ɗauki zoben maganaɗisu mai faɗin mita 15 a 2013, ta jirgin ruwa da babbar mota, aka kai shi Fermilab kusa da Shikago don a sake awo. A Afrilu 2021 giɓin ya kai sigma 4.2, mutane suka fara shirin biki. A wannan ranar wata tawaga ta wallafa sabon lissafi da manyan kwamfutoci, wanda ya matso kusa da awon. Zuwa 2025, awon ƙarshe ya tabbatar da na farko, lissafin da aka sabunta kuma ya zo ya same shi inda yake. Shekara 20 da ɗoriya ana zargin sabuwar ƙwaya, ashe lissafin ne bai kammala ba.

Inda babu giɓin da za a auna

Masu nazarin tushe kuwa ciwonsu dabam ne. Suna da dokoki biyu, ta kwantam mai mulkin ƙananan abubuwa da ta Einstein mai mulkin girabiti, kowacce ta ci duk jarrabawar da aka yi mata, amma ba sa zama inuwa ɗaya a takarda. Wurin da za su yi karo a zahiri yana buƙatar makamashin da ya ninka na LHC kusan sau miliyan biliyan. Ba a da Makuri da za a duba. Saboda haka suka koma kan baƙin rami, wurin da nauyi ya taru har haske ba ya iya fita.

A 1974 Stephen Hawking ya lissafa cewa baƙin rami yana da ɗan zafi, yana tururi a hankali har ya ƙare. Tambayar da ta biyo baya ita ce, bayanin abin da ya faɗa ciki ina ya tafi? Dokar kwantam ta ce bayani ba ya ɓacewa. Takardar da aka ƙone, a ƙa'ida labarinta yana nan a warwatse cikin hayaƙi da toka. Lissafin Hawking kuwa ya nuna tururin ba ya ɗauke da komai. A 1997 Juan Maldacena ya gano cewa wani irin fili mai girabiti daidai yake da wata duniyar kwantam marar girabiti da ke zaune a kan iyakarsa, labari ɗaya da harshe biyu. A 2019 Geoff Penington a gefe guda, da Ahmed Almheiri da Netta Engelhardt da abokansu a ɗaya gefen, suka nuna da lissafi cewa bayanin yana fitowa. Aiki ne mai kyau ƙwarai. Amma a faɗi gaskiya, filin da aka yi lissafin a cikinsa ba irin namu ba ne, kuma baƙin rami mai nauyin rana zafinsa kusan kashi 60 cikin biliyan na digiri ɗaya ne, ya fi sararin da ke kewaye da shi sanyi, don haka babu madubin da zai ga tururinsa.

Dokar an san ta, lissafin ne ya gagara

Fannin da ya fi kowanne yawan ma'aikata shi ne wanda aka fi mantawa da shi a labarai, wato nazarin daskararrun abubuwa, ƙarfe da dutse da makamantansu. A nan ba a neman sabuwar doka. An san yadda ilektron ɗaya ke tafiya tun shekarun 1920. Matsalar taro ce. Ƙwayoyi 300 kacal, kowacce da hali biyu, yawan yanayin da za su iya shiga tare ya fi yawan ƙwayoyin zarra da ke duk sararin da muke hangowa. A ɗan guntun ƙarfe kuwa ba 300 ba ne. Philip Anderson ya yi jayayya a 1972 cewa idan abu ya yi yawa, sababbin halaye kan ɓullo waɗanda ba a iya hango su daga ɗaya.

Babban misali shi ne gudun lantarki ba tare da turjiya ba. A 1911 Heike Kamerlingh Onnes a Laidin ta Holan ya sanyaya zaiba zuwa digiri 269 ƙasa da sifili, sai turjiyarta ga lantarki ta ɓace ɗungurungum. Aka shekara 46 kafin Bardeen da Cooper da Schrieffer su bayyana dalili a 1957: ilektron, waɗanda a al'ada korar juna suke yi, suna haɗuwa bibbiyu ta hanyar girgizar ƙwayoyin ƙarfen, sannan duk su tafi a matsayin abu ɗaya. Da irin wannan waya ake naɗa maganaɗisun na'urar hoton jiki ta MRI da na LHC. Abin da ba kowa ya sani ba, dabarar da ta haifi ƙwayar Higgs ma daga nan aka aro ta, Anderson ne ya fara nuna hanyar a 1963.

A 1986 Georg Bednorz da Alex Müller a ɗakin binciken IBM na Zurik suka samu wannan hali a wani abu mai kama da tangaran, mai ɗauke da jan ƙarfe da iskar oksijin, a kusan 35 na Kelbin. Cikin shekara guda aka kai 93, wanda ya haura sanyin ruwan naitirojin mai arha. A 1993 aka kai 133. Bayanin 1957 bai isa ya fassara waɗannan ba, kuma yau kusan shekara 40 ba a yi ittifaƙi kan abin da ke haɗa ilektron ɗinsu ba. An samu wasu masu aiki a digiri 70 ƙasa da sifili a 2015, da 23 ƙasa da sifili a 2019, amma sai an matse su tsakanin daimon biyu da matsin da ya kusa rabin na tsakiyar ƙasa. Wannan ba ya zama wayar lantarki.

Kwaɗayin samun wanda zai yi aiki a zafin ɗaki ya jawo abin kunya ma. Mujallar Nature ta janye takardu biyu masu wannan iƙirari a 2022 da 2023. A Yuli 2023 kuma wata tawaga a Koriya ta Kudu ta fito da LK-99, intanet ta ɗauka, bidiyon ɗan dutse mai ɗaga gefe a kan maganaɗisu ya zagaya duniya. Cikin makonni aka gano wani gurɓataccen sinadarin jan ƙarfe da farar wuta ne ya jawo faɗuwar turjiyar, tsantsar abin kuwa ko lantarki ba ya wucewa ta cikinsa. Abin lura a nan shi ne saurin. Giɓin sararin samaniya kan ci shekaru, na nan kuwa kowane ɗakin gwaji mai tanderu zai iya toya nasa ya duba.

Abin da ya fi ƙayatar da ni a fannin ƙarami ne ƙwarai. Baƙin cikin fensir shimfiɗu ne na ƙwayoyin kabon a jere kamar saƙar zuma. A 2004 Andre Geim da Konstantin Novoselov a Mancesta suka ɓare shimfiɗa guda da salatif, mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya. A 2018 Pablo Jarillo-Herrero da ɗalibinsa Yuan Cao a jami'ar MIT ta Amurka suka ɗora ɗaya a kan ɗaya, suka karkata ta sama da digiri 1.1. Wanda ya taɓa ɗora raga a kan raga ya ɗan juya ɗaya ya san manyan zane-zanen da ke fitowa. A wannan kusurwa, zanen yana sa ilektron su kusan tsayawa cik, sai hulɗarsu da juna ta zama ita ce komai. A 1.7 na Kelbin turjiya ta ɓace. Sanyin ya yi yawa, ba za a yi waya da shi ba, amma ba nan amfaninsa yake ba. Da, mai son canza halin abu sai ya toya sabo. A nan murɗa ƙarfin lantarki kawai ake yi, abu ɗaya ya tashi daga mai hana lantarki wucewa zuwa marar turjiya. A 2023, a wani abu mai shimfiɗa biyu irin wannan, masu bincike a Jami'ar Washinton suka ga taron ilektron yana aiki kamar an gutsuttsura cajinsa kashi-kashi, ba tare da katon maganaɗisun da ake buƙata tun da aka fara ganin irin haka a 1982 ba.

Sauran abu ɗaya, kuma shi ne ya ɗaure wannan fanni da na baƙin rami. Waɗannan tangaran masu jan ƙarfe, idan aka ɗan ɗumama su suka daina zama marasa turjiya, ba sa komawa ƙarfe na al'ada. Turjiyarsu tana hawa miƙe sak da zafi, ninka zafi ninka turjiya, daga sanyi mai tsanani har zafi mai yawa, abin da bayanin ƙarfe na al'ada bai yarda da shi ba. Ana kiransu baƙin ƙarafa, baƙi na baƙunta. Da alama ilektron a cikinsu sun daina zama ɗai-ɗai, kuma suna watsar da makamashinsu da iyakar saurin da dokar kwantam ta bari. Subir Sachdev da Jinwu Ye sun ƙirƙiro wani sauƙaƙƙen tsari mai irin wannan hali a 1993, Alexei Kitaev ya sake masa fasali a 2015, sai ga shi lissafinsa ya zo daidai da na wani irin baƙin rami. Yanzu masu nazarin girabiti suna karanta takardun masu ƙarfe, masu ƙarfe suna karanta nasu. Zuwa yau dai wannan dangantaka ta ba da harshe da dabarun lissafi, ba ta kai ga nuna wa mai tanderu sinadaran da zai haɗa ba. Wanda ya fi kowanne jure zafi a matsin iska na yau da kullum har yanzu daga dangin nan na 1993 yake, wanda a lokacin ya tsaya a wajen digiri 140 ƙasa da sifili.